Damin Geron Iya Kande

Da girbin bana kakata Iya Kande ta cika shekara ashirin da biyar a ƙasa. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kanta, in ɗauki alƙalami, sai in ga ba ni da abin faɗa sai kewa, kewa kuwa kowa yana da tasa. Bana na samu abin faɗa, kuma da ma ban samu ba. Kabarinta da na mijinta suna gefen gonar majami'armu, a wani ɗan ƙauye tsakanin Matamaye da Ɗan Barto, daf da kwalta. Jikokinta sun sayar da wurin ga wani mai gina gidan mai, har sun sa ranar tone ta.

Ni ce na yi jinyarta a shekarunta na ƙarshe, ina budurwa, kaina cike da littattafan soyayya. Akwai wani ɗan koli da yake kawo su daga Kano ranar kasuwar Matamaye, yana shimfiɗa su tsakanin madubai da kwalli. In na sayo, sai in zauna kusa da gadonta in karanta mata, don idonta ya riga ya dushe. Takan saurara tana taunar goro da dasashi, can sai ta tsayar da ni: "Rahila, wannan yaron ba shi da gona ne? Tun hantsi yake ƙofar gidan mutane." Ni kuwa ina ganin duk duniya ba wanda ya san ƙauna kamar ta, don na ji ana cewa ta bar dangi da komai ta bi kakanmu Tanko. Na sha roƙon ta ta ba ni labarin da baki mai daɗi, irin na littafi, ta faɗa mini yadda zuciyarta ta buga ranar da ta fara ganin sa. Sai ta ce, "Ya tambaye ni ko na iya daka, na ce na iya." Sauran labarin a gutsure na tsinto shi, yau kaɗan, gobe kaɗan, kuma har yau ban karanta wanda ya kai shi ba.

Zamanin ne Nasara bai daɗe da kama ƙasa ba. 'Yan sandan kwamanda, Baturen Faransa mai mulkin yankin, sukan shigo ƙauye su ɗebi samari aikin tilas, a kai su fasa hanya da ɗaukar duwatsu, wasu su dawo da ciwon ƙirji, wasu ba a sake jin duriyarsu. Tanko yana saurayi ya ji an zo ɗiba, ya haura danga, ya yi kudu, ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki. Ya daɗe can. Da ya dawo, ya dawo da tari, da ɗan littafi a jakar fata, da wani addini da ba wanda ya san kansa a garin. Ya ce shi mai bin Almasihu ne. Mutane suka ja baya da shi. Ba duka, ba zagi, sai dai in ya sha ruwa a moɗa, a wanke ta kafin wani ya sha.

Iya Kande kuwa tana nan ba ta yi aure ba, duk da an yi ta zuwa neman aurenta. Ta ce wa ubanta ita fa ta riga ta amsa wa mutum cewa ta iya daka. Uban ya ce in ta bi shi, ta bar ƙwaryarta a gidan, kada ta fita da ita. Ta bari.

Wanda ya tsaya musu shi ne wan Tanko, Malam Nomau, mutum mai tasbaha a hannu kullum, wanda bai taɓa yarda da addinin ƙanensa ba har ya mutu, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Shi ya kai su bayan gari, ya taka musu wata gona daga cikin gonakinsa, daga gamba zuwa gamba, ciyawar da ke nuna iyaka, ya ce su zauna, aro ne. Mutanen birni ba lalle su san ƙa'idar aron gona a wajenmu ba. Wanda aka ara wa yana noma, yana kafa bukka, amma ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya bizne gawa, don waɗannan uku su ne suke mai da ƙasa ta mutum. Kuma duk girbi yakan ɗaure dami guda na gero ya kai gidan mai gona. Ba haya ba ce, dami ɗaya ba ya cika rumbun kowa. Alama ce kawai cewa an san mai ƙasa.

A nan Tanko ya kafa rumfa ta zana da karan dawa. Ya rataye tsohuwar galma a gungume, ranar Lahadi ya buga ta da dutse. Farko su biyu ne, shi yana karatu, ita tana saurare. Daga baya wata gwauruwa ta zo, sai wani makiyayi da shanunsa suka ƙare, sai wasu da suka dawo daga kudu da irin littafinsa. Majami'armu ke nan, ba Bature ne ya kafa ta ba, ko da yake dattawanmu na yanzu sun fi son a ce haka.

Labari ya kai kunnen kwamanda cewa ana koyar da karatun ƙasar Ingilishi a wata rumfa, abin da Faransa ba ta so ko kaɗan. Aka kira mai ƙasa. Malam Nomau ya tsaya gaban tafinta ya ce gonarsa ce, ya ara wa ƙanensa, bukkar gona ce, abin da mutum yake yi a bukkarsa kuwa ba a taɓa tambayar mai gona ba. Ba su sami abin kamawa ba, amma ba su sake shi haka nan ba. Suka tuna cewa gidan nan akwai wanda ya tsere wa aikin tilas, Tanko kuwa tari ya hana shi ɗaukar dutse. Malam Nomau ne ya tafi a madadinsa, ya yi rani guda yana fasa hanya. Iya ta ce ya dawo kafaɗunsa duk sun yi kanta, bai ce da ƙanensa komai ba sai, "Ka gyara zanan nan, iska za ta ɗauke." Hanyar da ya fasa ita ce daga baya aka zuba wa kwalta, ita ce yau ta sa gonar ta yi tsada.

Tanko bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da 'ya'ya ƙanana. Ranar da ya mutu gari ya rasa yadda zai yi da shi, malamai suka ce ba za su iya yi masa salla ba, masu bi kuwa ba su da maƙabarta. Gawa tana kwance a rumfa, rana tana ɗagawa. Sai ga Malam Nomau da magirbi a kafaɗa, ya wuce kowa, ya je gefen gonar ya fara sara. Wani tsoho ya bi shi ya ce, "Malam, ka san abin da kake yi? In ka sa gawa a nan, ƙasar nan ba ta sake dawo maka." Ya ce, "Na sani. Miƙo mini ƙwarya in kwashe." Shi ya haƙa, shi ya sa ƙanensa, ya koma gefe ya juya baya har masu bi suka gama waƙarsu.

A al'ada, daga wannan rana aro ya ƙare, dami ya faɗi. Amma da girbi ya zo, Iya Kande ta zaɓi zangarniya mafi cika, ta ɗaure da igiyar kaba, ta ɗora a ka da goyo a baya, ta ratsa gari ta yi sallama a gidan Malam Nomau. Ya ce, "Kande, wannan wahala ta ƙare, ba ki gani ba?" Ta ce, "Yaya, in na bari, da me zan shigo gidan nan?"

Sai da na girma na gane wannan magana. Mace ce da ba a cin tuwonta, ba a kiran ta suna, ba a kiran ta biki. Amma ba gidan da ake mai da damin gona. Dole a buɗe mata ƙofa, a shimfiɗa mata tabarma, a tambayi yara. Geron kuma a daka shi, a dama fura, 'ya'yan gidan su sha abin da hannunta ya noma. Sau ɗaya a shekara tana zama matar ƙanen maigida, 'ya'yanta suna zama 'yan gida. Da Malam Nomau ya rasu, 'yarsa Indo ce ta ci gaba da karɓa. Da wuyan Iya ya gaza, ta ɗora wa jaki tana bin sa da sanda. A shekarun ƙarshe ni nake jan jakin, ita tana dafe da kafaɗata. Na ga yadda take gyara ɗankwali in mun kusa ƙofar, kamar mai zuwa gidan surukai karo na farko. Duk abin da na karanta na masoya masu kai wa juna turare da zobe, ban ga kyautar da ta kai wannan damin ba, wanda mace take kai wa dangin mijin da ya mutu tun gashinta yana baƙi.

Da ta rasu muka sa ta kusa da Tanko, yadda ta roƙa. Shekarar da ta biyo ba wanda ya ɗaure dami. Ba wanda ya tambaya kuma. Ni aure ya kai ni Damagaram, maza suka ce ai tsohon yayi ne. Gidajen biyu suka zama masu gaisuwa daga nesa, in an haɗu a tasha.

Sai bara wani ɗan kasuwa ya tsaya da mota ya dubi gefen gonar da ke bakin kwalta. Nan take dattawan majami'a suka tuna cewa gininsu ya yi ƙanƙanta, suna son rufi mai tsawo da daɓe mai sheƙi da manyan lasifikoki, a majami'ar da in an cika benci biyar ranar Lahadi an yi taro. Shugaban dattawan wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Iliya. Nan take kuma Alhaji Sabi'u, jikan Malam Nomau, ya tuna cewa gonar kakansa ce, aro ce, kuma duk gari ya ga dami yana shiga gidansu. Mutumin da bai taɓa tambayar me ya sa dami ya daina zuwa ba, shi ne ya zama mai kishinsa. Magana ta kai gaban maigari, aka ce a nemo wadda take jan jaki.

Yaya Iliya ya zo har Damagaram, da buhun gyaɗa a bayan babur. Bayan gaisuwa ya rage murya ya ce, "Ƙanwata, in an tambaye ki, sadaka ce take kaiwa. Ko ki ce tsufa ne, kin san hankalinta ya ɗan taɓu daga baya." Na ce, "Yaya, tun tana goyon babanmu hankalin nata ya taɓu?" Ya ce aikin Ubangiji ne, in taimaka. Na tambaye shi kaburburan fa. Ya ce, "Ƙasa ce kawai, Rahila, su suna sama." Wannan mutum a cinyarta ya koyi waƙar farko da ya iya. Na dube shi na ji kamar na tauna tsakuwa a tuwo. Gyaɗar tana nan, ban buɗe ba.

Ranar zama na faɗi abin da na sani duka. Na ce dami gaskiya ne, da idona na gani, da hannuna na ja jaki. Alhaji Sabi'u ya gyara zama yana murmushi, Yaya Iliya ya sunkuyar da kai. Sai na ce kuma Malam Nomau da hannunsa ya haƙa kabari a gonar, an gargaɗe shi, ya ce ya sani. Murmushin ya koma wancan gefe. Na ce damin ba na ƙasa ba ne, na ƙofa ne, na yi ƙoƙarin bayyana musu, amma na ga ba mai saurare, kowa yana lissafin abin da maganata ta ci masa. Maigari ya ce tun da jini ɗaya ne, su je su sasanta a gida.

Suka sasanta kuwa, cikin sauri mai ban kunya. Za a sayar, a raba. Alhaji Sabi'u ya yanka rago, Yaya Iliya da dattawa suka je, suka sa hannu a tire ɗaya, ana "ɗan'uwana", ana "ai mu duk na Nomau da Tanko ne". An aiko mini da hoto a waya, bakuna duk maiƙo. Abin da Iya ta yi ta nema da wuyanta da ƙafarta tsawon rai, a ci tare, ga shi an ci, a kan cinikin ƙashinta. Har sun tsara tonon da kyau: fasto ya zaɓi waƙa, Alhaji ya yi alkawarin siminti, za a mai da su can bayan majami'a kusa da inda ake zubar da shara, a rubuta suna da fenti.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan. Ba na jin za ta yi kuka a kan kanta, mace ce da ba ta ɗauki jikinta da tsada ba. Ina jin abin da zai fi ƙona mata rai shi ne ba su ko jira girbi ba. Da tsakiyar damina motar rusau ta shiga, gero ya yi ciki, ya kusa fitar da kai, aka bi ta kansa aka tattake. Iya ba ta taɓa wuce zangarniya a ƙasa ba ta sunkuya ba. Kuma ina jin za ta tambayi Iliya, ba da faɗa ba, wa yake son ya ji lasifikar, tun da galma da dutse sun ishe su tara mutane a lokacin da zuwa wurin yake sa a daina cin tuwon mutum.

Ranar tono na taho da motar farko, ban san me zan yi ba, na dai san ba zan zauna a gida ba. Na tarar an riga ni. Gwaggo Indo, 'yar Malam Nomau, wadda yanzu Hajiya ce tsohuwa tukuf, ta sa an kawo ta a amalanke. Ta shimfiɗa tabarma tsakanin kaburburan biyu, ta ajiye buta da carbi, ta miƙe ƙafa. Leburori suna tsaye da shebur suna kallon juna. Alhaji Sabi'u, ɗan wanta, ya durƙusa yana cewa, "Gwaggo, don Allah ki tashi, mutane suna kallo." Ta ce, "Su kalla. Kai Sabi'u, furar da ka sha kana yawo ba wando, geron wa ne?" Ta juya ga Yaya Iliya ta ce, "Kai kuma mai littafi, a wane shafi aka ce ka sayar da kakarka?" Sannan ta ce ubanta ne ya haƙa ramin nan, ya sha rana a kansa, wanda zai buɗe shi sai ya fara ɗaga ta. Na cire takalmi na zauna kusa da ita. Ta dube ni ta ce, "Ke ce mai jaki? Kin yi ƙiba."

Leburori suka ce su ba za su sa shebur kusa da tsohuwa mai carbi ba. Mai gidan man, da yake ba ya son a fara masa kasuwa da baki, ya sa aka karkatar da katanga. Abin da aka bar wa Tanko da Kande ke nan, wani lungu da bai fi ɗaki ɗaya ba, tsakanin katanga da inda za a riƙa ba taya iska. Gamba ta tafi, gurbin rumfar farko yana ƙarƙashin tankin mai. An fara sabuwar majami'a, Yaya Iliya ba ya ɗaukar wayata, kuma na ji a wa'azi an yi magana a kan masu hana aikin Allah ci gaba.

In na auna abin da ya rage na Iya Kande, ba na samun sa a inda na zata. Ba ya cikin majami'ar da ta share da tsintsiya tun tana rumfa, don can an yarda a ce mata mai taɓin hankali. Ba ya cikin jikokinta maza da suka gaji jininta. Na same shi a jikin wata tsohuwa Musulma da ba ta taɓa taka majami'a ba, ba kuma za ta taka ba, wadda ta ci geron matar baffanta tana yarinya, ta kasa mantawa. Wannan kaɗai ya hana ni cewa wahalar Iya ta tafi a banza, ko da yake ƙyamar da nake ji ba ta ragu ba.

Makon jiya na koma, na biya ta gidan Gwaggo Indo, muka je lungun tare. Mai gadin wurin ya shaida mana cewa maigidansa yana son ya faɗaɗa nan gaba, in abubuwa sun lafa. Mun gane abin da ake jira ya lafa. Gwaggo ta yi la'asar ɗinta a gefe, ni na yi waƙata ƙasa-ƙasa. Da ta shafa addu'a ta ce, "Rahila, ni fa na kusa. In na tafi wa zai zauna?" Na ce ni. Ta ce, "Ke da kike Damagaram?" Na ce mota tana zuwa kullum. Ta daɗe tana duba na da idon da ya fara fari, sannan ta ce, "To ki nemi tabarmarki, tawa ta mutu."

Kafin in hau mota na shiga kasuwar Matamaye na sayi tabarmar kaba, mai kauri, irin wadda take jure rana.